Eriya a Kan Soron Yaya

Liman na sallame sallar asuba muka kama hanya ranar Juma'ar da ta wuce, ni da wani maƙwabcina na shago mai sayar da wayoyin wuta. Ni na rungumi ƙaramin talabijin na bango da na naɗe cikin bargo, shi kuma ya saɓa buhu mai ɗauke da dikoda, da naɗin waya, da eriya wadda na kwance haƙarƙarinta na ɗaure da roba. Ku da kuka saba karanta ni a nan kun san ba na yawon buɗe ido. Ba ni da kuɗinsa, ba ni kuma da zuciyarsa. Wannan ma dole ce ta fitar da ni, kuma gara in faɗi dalilin tun yanzu kafin a dame ni da tambaya.

Yayata, wadda ta goya ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, ta yi aure a wani ƙauye kafin a kai Ɗanbatta. A gidanta na tashi. Mijinta ya rasu cikin daminar nan, yanzu haka tana takaba. Lokacin shuka, ma'aikatan wani gidan talabijin na cikin Kano sun je ƙauyen ɗaukar shirin manoma, suka tsayar da shi a gonarsa ya yi musu bayani a kan gyaɗa. Ba a daɗe ba ya kwanta, cikin 'yan kwanaki Allah ya karɓi abinsa. Mutumin nan bai bar hoto ba sai na katin zaɓe, wanda in ka duba ba ka bambance fuska da tabon mai. To, sai malamin gona ya aiko cewa za a nuna shirin ranar Asabar bayan la'asar. Yaya ta sa 'yarta ta kira ni a waya. Ba ta yi dogon zance ba.

"Auta, ina so in gan shi."

Na haura hamsin, amma a wurinta har gobe Auta nake. Mai takaba ba ta fita, balle a ce ta je gidan kallo ta zauna cikin maza. Ke nan hoton ne zai taso ya same ta a ɗaki. Na fara zuwa gidan talabijin ɗin ko za su ba ni kwafi, aka ce wanda shirin ke hannunsa ya yi tafiya, in dawo wani makon. Na san irin wannan makon. Na koma shago na haɗa kayana.

Sana'ata ke nan, gyaran talabijin. Makarantar koyon sana'a na shiga ban gama ba, sauran a bakin aiki na koya, wuta ta ja ni ba adadi. A da ana layi a ƙofar shagona. Yau in abu ya lalace jefarwa ake yi a sayi wani, ni kuma na koma mai ɗaura dish a kan rufin yaran da na haifi irinsu, suna tsaye a ƙasa da waya a hannu suna koya min aikina. Ba kuka nake yi muku ba. Ina faɗa ne don ku san abin da zan ce a kan hoto ba a littafi na karanto shi ba.

A tasha kuɗin mota ya sake hawa tun zuwana ta'aziyya, kuma ɗan kamasho ya ce sai na biya wa talabijin kujera. Na ce a cinyata zai zauna. Ya ce cinyar ma ai a motarsu take. Abokin tafiyata, wanda Allah ya hore wa jiki da sanyin baki, shi ya lallashe shi. Aka cusa mu huɗu a kujerar mutum uku. Mun wuce Kurna da Rijiyar Lemo gari bai gama wayewa ba, masu shayi na hura wuta, kwatoci sun cika sun tumbatsa kan titi saboda ruwan da aka yi. Daga Miltara muka miƙi hanyar Ɗanbatta.

Wani matashi da ke bayanmu ya hango haƙarƙarin eriya ya leƙo daga buhu.

"Baba, ashe har yanzu akwai masu amfani da ƙashin kifin nan? Ai zamanin dish ake."

Na ce masa ya ji da gwiwarsa da ke sukar bayana. Amma ku zan ba ku amsar, don da yawanku haka kuke zato. Eriyar da kuka sani a da, mai kawo hoto da ɗigo-ɗigo kamar an watsa tsaki a kan gilashi, wannan zamanin ya wuce. Yanzu dijital ake aikowa ta iska. Ka haɗa eriya da ƙaramar dikoda, hoton ya taso daga dogon ƙarfen tashar ya faɗo gidanka kai tsaye, bai biya ta hannun kowa ba. In ya zo, tar yake zuwa, har zaren hular mai karanta labarai kana gani. Shi kuwa dish, tashoshi ne rututu ake turawa ta hanya ɗaya. Na ƙwallon Turai, masu kawo kuɗi, su ake ba wuri su miƙe ƙafa. Ƙananan tashoshinmu na gida matse su ake yi kamar yadda aka matse mu a motar nan, in mutum ya motsa kai a hoton sai fuskarsa ta dame. Aibin eriya ɗaya ne, kuma babba ne: ba ta san rabi ba. A da ko kana nesa za ka samu inuwar mutum cikin ɗigo-ɗigo, ka yi haƙuri da ita. Yanzu ko dai ka samu duka, ko ka samu baƙin allo. Ƙauyen Yaya kuwa yana can bakin inda sigina ke ƙarewa. Abin da ke raina ke nan tun daga tasha.

Hanyar ba laifi, sai ramukan da ruwa ya ɓoye, direba na faɗa musu yana salati. Ƙasar nan kuwa, duk wanda ya ce Arewa fili ce fetal bai bi ta nan cikin marka ba. Babu taku ɗaya da aka bari. Gero ya fitar da kai, dawa ta fi mutum tsawo, gyaɗa da wake sun rufe ƙasa a tsakaninsu, har bakin kwalta an shuka kuɓewa. Ba ka fita daga wani ƙauye sai ka ga katangar wani. Bishiyoyi a ko'ina cikin gonaki: ɗorawa, mangwaro, tsamiya, kuka, da gawo wanda shi kaɗai ke tsaye tsirara lokacin da kowa ya yi ganye. Manomi na ganin albarka. Ni mai eriya ina ganin katanga bayan katanga tsakanina da Kano, don jiƙaƙƙen ganye shan sigina yake yi. Na lura kuma da dish a kan gidaje da dama, wasu sun yi tsatsa sun sunkuya, wani ma an kife shi an shanya barkono a ciki. An saya da marmari, biyan kuɗin wata ya gagara.

Muka zarce cikin Ɗanbatta don in sayi gora, dogon sandan da za a ɗaura eriya. Muka karya da koko da ƙosai a bakin tasha. Kokon na da tsami mai daɗi, amma ƙosan ya ƙanƙance har abokina ya tambayi mai tuyar ko da cokalin shayi take zubawa. Ta ce in ya san kuɗin wake da mai, sai ya gode da ya gan shi ma. Na zaɓi gora biyu masu tsawo, muka ɗauki acaɓa biyu muka dawo baya, muka saki kwalta muka shiga burtali. Taɓo har gwiwa a wasu wuraren. Gorar na ja a ƙasa tana kaɗa dawar mutane, ɗan acaɓa na ba masu gona haƙuri tun daga nesa.

Na tarar da Yaya a kan tabarma a ɗakinta na soro, da tsohon zani da carbi, ba kwalli ba komai. Na durƙusa na yi mata ƙarin haƙuri. Ta dube ni ta ce na rame, ta sa 'yarta, wadda ta baro gidan mijinta don ta taya ta zama, ta kawo mana fura. Ba ta tambayi kayan ba, amma idonta na kan bargon.

Ashe kafin in zo mai gidan kallon ƙauyen ya riga ya yi nasa ƙoƙarin. Mutumin kirki ne. Ya jawo waya tun daga dikodarsa, ta bi kan katangu da rassan bishiya har ɗakin Yaya, irin kebul ɗin da ake rabawa a unguwanninmu na birni. Sai dai wayar guntu-guntu ce, an ƙulla ta wuri-wuri an naɗe da leda. Bayan mun sauko daga Juma'a muka aro batirin sola wurin mai cajin waya, na haɗa wayar tasa da talabijin ɗina, ya kamo mana tashar daga can. Hoto ya zo fari fat kamar an wanke shi da ruwan toka, ga layuka suna hawa suna sauka. Kowane ƙulli ya ci rabonsa kafin ya iso. Wata mata ce ke magana a ciki. Yaya ta matso, ta ƙanƙance ido, ta daɗe tana dubawa.

"Wannan ko ni aka nuna ai ba zan gane kaina ba."

Na taka zuwa gidan kallon in ga abin daga tushe. Tashar ƙwallo garau, kana ganin ciyawa ɗai-ɗai. Da mai gidan kallon ya juya zuwa tashar tamu sai fuskoki suka zama kamar an shafa musu man kaɗanya. Ya fi na waya, amma ba abin da za a kai wa mai jiran fuska ɗaya ba ne. Na yi tunanin ciro dish ɗin gaba ɗaya in kai gidan Yaya, sai mai shi da kansa ya tuna min abin da na sani: hadari na haɗuwa dish ke ɗaukewa, kuma a 'yan kwanakin nan kusan kullum da la'asar sai an yi ruwa.

Saura eriya. Na ɗaura ta a kan gora, na jingina da katanga, na fuskantar da ita kudu. Dikoda ta yi ta lalube, can sai hoto ya faɗo, mai kyau har 'yar Yaya ta ja numfashi. Bai yi ƙiftawa uku ba ya daskare, ya farfashe gida-gida, ya ɗauke. Na juya, na ɗaga, na sauke, haka dai. Mangwarori ne jere a kudancin gidan suka tare. Abin da ya rage min tsawo ne kaɗan, kuma ga soro a gabana, ga tsani a jingine jikin rumbu.

A nan na yi wautar da ta kusa rusa tafiyar. Na ɗauki tsani na haye da gorata, ban ce wa kowa komai ba. A birni kullum a kan rufin mutane nake, ba mai ɗaga kai ya dube ni. Na manta cewa a ƙauye ba a hawa sama sai an aika gida-gida, an yi shela, mata sun kintsa. Ni da na tashi a gidan nan na san wannan tun ina yaro. Ina miƙewa a kan soron na ji 'yar Yaya daga ƙasa tana cewa, "Kawu, ya fito, ya tsaya cak." A daidai lokacin kuma na ga gidajen maƙwabta duk a buɗe a ƙarƙashina kamar an cire murfin kwano. A gidan da ke manne da namu wata matashiya na daka da ɗaurin ƙirji, ba ɗankwali. Ta ɗaga kai, ta yar da taɓarya, ta ruga ɗaki.

Maigidan wancan gidan ya fito. Dattijo ne, abokin marigayi tun suna samari, matashiyar kuma matar ɗansa ce. Bai ɗaga murya ba.

"Wane ne a sama?"

"Ni ne, Malam."

"Sauko."

Na same shi a ƙofar zaure.

"Kai ne Autan da muka sani yana yawo a nan ba wando? A birnin haka kuke yi, ku hau kan mutane ba sallama? Ko mai yaɓe sai ya aiko tun da safe. Mai gidan nan tun muna da baƙin gashi muke katanga ɗaya da shi, bai taɓa taka tsani bai sanar da ni ba. Kabarinsa bai bushe ba an fara."

Da na yi shiru da ya fi. Amma bakina ba ya shawara da ni. Na ce, "Malam, abin da na gani ai bai kai a yi magana ba."

Abokina ya dafe kai. Dattijon ya dube ni sama da ƙasa, ya ce ba mai sake hawa soron nan, in kuwa an hau sai mai unguwa ya raba mu. Ya juya ya shige.

Yaya ta ji komai, don katangar ba ta ɓoye magana. Na zaci za ta yi faɗa. Cewa kawai ta yi, "Mantawa ka yi, Auta. Ba komai. In babu rabo shi ke nan." Ta ci gaba da jan carbinta. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Da safiyar Asabar muka sayi goro muka je ban haƙuri. Na bar wa abokina maganar, ni na sunkuyar da kai. Dattijon ya karɓi goron, ya ce ya yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Amma hawa babu. Kuma in faɗi gaskiya, hujjarsa ba ta banza ba ce. Na riga na gaya masa ba ɗaurewa zan yi in sauko ba. Rufin ƙasa ne, cikin damina ba a kafa masa turke sai ya yi yoyo, kuma iska kaɗan ke juya eriya, don haka dole in tsaya a sama in riƙe da hannu har a gama shirin.

"To ka ji," in ji shi. "Da la'asar, lokacin girki. Wa zai kulle min mata a ɗaki har ka gama? Kuma ba gidana kaɗai ba, duk gidajen da ke kewaye. A bar tukunya a wuta saboda kallo?"

Muka dawo. Na haɗa gora biyu na ɗaure da waya ko zan samu tsawon daga ƙasa. Ta miƙe, ta yi lilo, ta lanƙwashe kamar wutsiyar saniya. Muka sa igiya ta ɓangare uku, hoto ya zo ya tafi, ya zo ya tafi. Har azahar muna abu ɗaya. Na zauna a gindin rumbu, gumi na zuba, ina tunanin da wane baki zan ce wa matar da ta goya ni ta haƙura da farin hoton nan na waya.

Ana cikin haka matar dattijon ta shigo gaida Yaya, tsohuwa ce 'yar ƙarama mai saurin tafiya. Ta tsallake wayoyina, ta shiga ɗaki, suka ɗan jima. Da ta fito ba ta ko kalle ni ba. Jim kaɗan muka jiyo ta ta kan katanga.

"Malam, in ba kowa a tsakar gidan, wa zai gani? Awaki?"

"Ina za ku?"

"Can za mu, mu duka, mu taya ta zama. Mu ma muna so mu gan shi. In muna ƙarƙashin ƙafarsa ai ba ya ganinmu."

"Tuwon fa?"

"Tuwo ya jira. Tun da na zo gidan nan yunwa ta taɓa kashe ka?"

Can ya ce, "Ku kuka sani."

Ita ta bi sauran gidajen da kanta. Ana idar da la'asar mata suka fara shigowa da mayafansu, da goyo, da tsofaffi masu dogara sanda, har ɗakin ya cika aka zauna a bakin ƙofa. Ni ina zaure ina jira a ce an gama shiga. Sai ga dattijon. Ya tsaya a tsakiyar lungu ya yi shela da kansa, yadda ake yi, cewa za a hau sama, duk da ya san ba kowa a gidajen. Sannan ya dubi tsanin ya ce ɗaurinsa ya saki, in na faɗo a kansa za a ɗora laifin. Ya riƙe min na hau.

Gabas ta riga ta yi baƙi. Na tsaya a gefen soron, kan kaurin bango kusa da indararo, inda ƙafa ba za ta nutse ba. Na ɗaga gora na juya a hankali har 'yar Yaya ta ce, "Nan, Kawu. Kar ka motsa." Daga sama ina ganin gonaki har iyakar ido, iska na kwantar da dawa tana tahowa. Tsakar gidaje wayam, sai tukwane a kan murhu da kaji. Kiɗan buɗe shirin na tashi iskar ta iso. Ba a jima ba na hango maza suna fitowa daga gidan kallo suna duban sama. Dish ya ɗauke. Suka taho da sauri suka cika zauren Yaya, suka tsaya a nan, don ba mai shiga cikin mata.

Aka fara da wani jami'i mai dogon bayani. Ruwa ya sauko. Ba zan yi muku ƙarya ba, na ji tsoro. Mutum a kan soro da ƙarfe a sama da kansa, ana walƙiya, ni na fi kowa sanin abin da hakan ke jawowa. Na yi ta karanta abin da na iya. Gorar ta jiƙe tana zamewa, na rungume ta da ƙirji na sa ƙafa na danne gindinta. Sau ɗaya iska ta fi ƙarfina, na ji ɗakin ya ɗauki guna-guni, 'yar Yaya ta ce, "Kawu, ya tsaya, koma yadda kake." Na koma a hankali, ban san ko daidai ba ne sai da ta yi shiru.

Sai na ji muryarsa. Ta fito ta ƙofar ɗakin ta hau sama ta same ni cikin ruwa. Yana cewa shi ba ya matse gyaɗa wurin shuka, yana ba ta taki tun kafin ruwan farko, kuma irin da ya gada wurin mahaifinsa bai yar ba duk da sabon da aka kawo. A hankali, yana tsayawa tsakanin magana kamar mai auna hatsi. Duka-duka bai fi a sha kofin shayi ba aka wuce zuwa wani ƙauyen. Na ci gaba da riƙewa har ƙarshen shirin ko za a sake dawo da shi. Ba a dawo ba.

Da na sauko hannuwana sun ƙage, sai da abokina ya ɓamɓare min yatsu daga gorar. Dattijon na nan gindin tsani, ya jiƙe sharkaf. Abin da ya ce kawai, "Haka yake magana. Ba ya sauri." Ya tafi gida. Mata suka fito ɗaya bayan ɗaya suna share ido, suka koma ga tukwanensu.

Na sauya riga na shiga wurin Yaya kafin magariba. Tana zaune inda take, talabijin a kashe.

"Kin gan shi, Yaya?"

"Na gan shi. Har ɗinkin da na yi masa a wuyan riga na gani. Auta, ashe haka ya rame. Wuyansa duk jijiya. Idonsa ya yi ɗorawa. Ni da nake miƙa masa tuwo kullum ban gani ba, sai yau da aka sa min shi a gilashi."

Na ce da na sani da na bar mata na wayar, wanda ba ya nuna komai.

"A'a. Gara da na gani. Ina ta cewa rana ɗaya aka fizge shi, abin ya tsaya min a nan." Ta dafa ƙirji. "Yanzu na san ciwon ya daɗe. Ya sani, ya yi shiru, ya tsaya sai da ya gama mana shuka. Haka halinsa yake. Yanzu na san abin da zan roƙa masa."

Ta ce in je in ci abinci.

Washegari muka yi sallama da sassafe. 'Yar Yaya ta nuna min abin da ta ɗauka da wayarta daga jikin allon, hoton duk ya dame, hula kawai na gane. Ni da na kawo hoton ni ne ban gan shi ba, kuma na haƙura. Na leƙa na yi wa dattijon da matarsa godiya, ya ce in na sake zuwa in zo da hankalina. A Ɗanbatta muka tarar kasuwa na ci, shanu da buhunan hatsi sun toshe hanya, muka daɗe kafin mota ta cika. Abokina ya yi barci tun kafin mu bar gari, kansa a kafaɗata har Miltara.

Masu tambayata kullum wanne ya fi, ga amsa. In ƙwallo kake so da tashoshin waje, kuma kana iya biya duk wata, sa dish, ka kuma san hadari zai raba ku. Kebul na unguwa kuwa gwargwadon ƙullin wayarka gwargwadon hotonka. Amma in tashar gida kake so ka gani yadda aka ɗauke ta, ba abin da ya kai eriya da dikoda, muddin ka samu tsawo. Kafin ka nemi tsawon kuma, ka nemi izinin maƙwabta. Wannan na sana'a ke nan.

Ɗayan abin da na koyo ba na sana'a ba ne. Na isa gida da azahar, matata ta kawo min ruwa. Na karɓa, na tsaya ina dubanta sosai, abin da na daɗe ban yi ba. Zoben da ke yatsanta ya yi mata yawa, ta naɗa masa zare don kar ya faɗi. Ban san tun yaushe ba. Ta ce me nake kallo haka. Na ce gobe za mu asibiti. Ta ce ita ba abin da ke damunta. Na ce na ji, amma za mu je.